Furen da Ba Ya Kai La'asar

A Coldrigg babu wanda ya kai Norma Pallister sanin safiya. Shekara talatin da huɗu ta yi tana raba wasiƙu a ƙafa, kuma ko da gidan waya suka sallame ta da agogon bango da takardar godiya, ƙafafunta ba su sami labarin ritayar ba. Ƙarfe shida take fita, ta bi bayan coci, ta hau ƙaramin titin da ke zuwa gonar Wilf Coulthard, ta tsaya a gangaren tsohuwar mahaƙar dutse. Sauran mutanen garinmu kuwa, tun da aka rufe ramin kwal suka yi wa sammako saki uku.

In ka ga gangaren nan da rana ba za ka sake waiwayensa ba. Ƙasar da ke kansa ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙarƙashinta farin dutse ne zalla, ruwan sama ma ba ya zama, wucewa yake yi. Ciyawar wurin gajera ce, domin kowace shekara daga Oktoba zuwa Maris Wilf yana ɗaure tsohuwar goɗiyarsa a can ta yi ta kiwo. Amma daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Yuli lilin daji yana fure a wurin. Ɗan'uwan shukar nan ne da ake zaren lilin da ita, sai dai shi ba wanda ya taɓa shuka shi. Karansa siriri ne kamar waya, ganyensa ƙanana, saiwarsa tana bin tsagar dutse ta nutse can ƙasa. Da sassafe furen yake buɗewa, shuɗi mai haske, ganye biyar. Rana na yin tsaka sai ya fara zubewa, kafin la'asar babu ko ɗaya, sai tsiraran kara a cikin ciyawa. Washegari wasu sababbi su buɗe.

Wata malamar jami'a ce, shekara ashirin da suka wuce, ta taɓa durƙusawa a wurin har ta ɓata siket ɗinta, ta gaya wa Norma cewa wuraren da irin wannan ya rage a ƙasar ba su da yawa. Ta ba ta gilashin ƙara girma, ta nuna mata cewa furen kashi biyu ne: wani ɗan tsinken da ke tsakiyarsa dogo ne, wani gajere. Mai dogo ba ya yin iri da garin furen mai dogo, sai ƙudan zuma ya kawo masa daga mai gajere, haka shi ma mai gajeren. Tun daga ranar Norma take ƙirga su duk shekara a wani jan littafi. Shekarar da wannan abu ya faru tushe ɗari huɗu da goma sha biyu ta samu. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba don ɓoyo ba, kawai ba wanda ya tambaye ta.

Sai ga takarda a allon sanarwa na ɗakin taro. Kwamitin ƙawata gari zai shigar da Coldrigg gasar ƙauyen da ya fi kyau a yankin, kuma cikin ayyukan da za a yi har da gangaren mahaƙa: a zuba masa mota biyu ta baƙar ƙasa, a dasa furen dafodil. A ƙasan takardar ga sa hannun shugaba, Desmond Raine, ƙanin Norma uwa ɗaya uba ɗaya.

Des ba mugun mutum ba ne, da ma mugun ne da abin ya fi sauƙi. Shekara ashirin ya yi a ramin kwal, bayan an rufe ya koma noman lik, albasar nan mai kaurin wuya da mazan garinmu suke gasar girmanta duk Satumba a kulob, suna gaba da juna a kanta har kabari. Sau bakwai ya ci kofi. Sirrinsa wani taki ne da yake dafawa shekara uku a bayan rumfar lambunsa, kashin shanu da ciyawar teku da baƙin hayaƙin murhu da wasu abubuwan da ko matarsa Maxine ba ta sani ba. A wurin Des duk abin da ya tsiro yunwa yake ji. Tun shekarar dogon yajin aiki, da ya ga 'ya'yansa biyu a layin miya a wannan ɗakin taron da kwano a hannu, ba ya iya ganin abu ramamme ya wuce. Kare ne, jikan maƙwabci ne, tumatir ne, sai ya ɗura masa wani abu.

Ranar taro Norma ta zauna a kujerun baya, inda waɗanda ba 'yan kwamiti ba suke zama. Sakatariya, Misis Aske, ta karanta cewa kwamiti ya zagaya gari ranar Laraba bayan shayin la'asar, kamar yadda aka saba, kuma bai ga komai a gangaren ba sai ciyawa da tsakuwa. Norma ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba ta tambaya ƙarfe nawa suka isa wurin. Aka ce biyar da rabi. Ta ce ai shi ke nan, sun je kasuwa bayan ta watse sun dawo suna cewa garin ba shi da kasuwa.

Des ya ce, "Normarmu, don Allah ki zauna. Ni ma a garin nan aka haife ni. Babu komai a wurin nan, ciyawa ce kawai."

"An haife ka a nan, gaskiya ne, ni na yi goyonka. Amma shekara ashirin kana ƙarƙashin ƙasa, talatin kana ƙarƙashin bargo. Yaushe rabon da ka ga ƙarfe bakwai na safe da idonka?"

Aka yi dariya, har da Maxine. Norma ba ta yi ba. Ta ce ranar Asabar ƙarfe bakwai tana jiransu a gangaren, wanda bai zo ba kuma ta san gidansa, ta san wace tagar ce ta ɗakin kwanansa, shekara talatin da huɗu ba wasa ba ce.

Su tara suka zo, wasu da kayan barci a ƙarƙashin kwat. Suna shan kwanar titin suka tsaya cak. Gangaren daga sama har ƙasa shuɗi ne, iska tana kaɗa shi a hankali, ƙudan zuma sun cika wurin da ƙugi. Misis Aske ta dafe ƙirji. Wani tsoho da ya shekara saba'in da biyar a garin ya rantse bai taɓa sanin da wannan abu ba. Gani ya kori ji. Des ya cire hularsa, ya tsuguna da ƙyar, ya shafa wani kara da babban yatsansa, ya ce a hankali, "Kai, dubi yadda ya rame." Norma ta ji shi sarai, amma daɗin nasara ya hana ta tsayawa a kan maganar, kuma wannan ne abin da ta daɗe ba ta yafe wa kanta ba.

Ba wai ba ta yi musu bayani ba ne. Ta yi. Ta ce shukar nan ba ta son ƙasa mai kyau, talaucin wurin ne yake raya ta, domin manyan ciyayi ba sa iya zama a kan dutse su danne ta. Ta ce goɗiyar Wilf ita ce mai gadinta. Suka yi ta gyaɗa kai irin na mutanen da hankalinsu yake kan ɗaukar hoto. Nan take aka soke baƙar ƙasa da dafodil, aka zaɓi Norma cikin kwamiti, Misis Aske ta rubuta a littafin taro cewa an amince a kula da furen. Norma ta koma gida tana taku ɗai-ɗai, ta dafa wa kanta ƙwai biyu maimakon ɗaya.

A farkon Satumba aka kira ta asibiti aikin kwatangwalo da ta yi shekara biyu tana jira. Daga can ta wuce gidan 'yarta a Darlington ta yi mako biyar tana koyon tafiya da sanda. Des ya je ɗaukarta ranar wata Asabar a tsakiyar Oktoba, sanye da kwat ɗin da ba ya sawa sai jana'iza ko karɓar kofi, yana ta murmushin da ya ƙi faɗin dalilinsa. Da suka shigo gari bai tsaya a ƙofar gidanta ba, ya wuce ta bayan coci ya hau ƙaramin titin.

Rabin Coldrigg na tsaye a wurin da laima. Ga tebur da kek da butar shayi. Ga sabon shingen waya kore ya zagaye gangaren, da ƙofa da kwaɗo, an ɗaura mata jan ƙyalle. Ga benci da ɗan allon tagulla an rubuta Gangaren Norma, ita da ta san cewa a garinmu sai mutum ya mutu ake sa sunansa a benci. Goɗiyar Wilf tana can nesa a bakin titi tana kallon taron. Duk wannan Norma ta gan shi daga baya ne. Abin da ta fara gani shi ne gangaren ya koma baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, an baje shi da manjagara sumul kamar gadon lambu. Tana buɗe ƙofar mota warin ya gaya mata ko mene ne, domin duk garin ba wanda bai san warin bayan rumfar Des ba.

Des ya yi jawabi. Ya ce baro arba'in ne, shi da kansa ya turo su daga lambunsa, bai bar ko cokali ɗaya ba. Ya ce baɗi ba zai shiga gasa ba, ya san haka, amma furen yayarsa ya fi kofi na takwas. Ya ce in ya yi wannan kyan a kan dutse da yunwa, to su jira su ga abin da zai yi in ya ƙoshi. Aka tafa. Maxine tana share hawaye. Misis Aske ta miƙo wa Norma almakashi.

Norma ta tambaya yaushe aka zuba. Aka ce mako huɗu ke nan, kuma an yi sa'a tun daga lokacin ake ruwa, duk ya shiga ƙasa. Ta soka sandarta ta cikin wayar, sandar ta nutse tsawon tafin hannu kafin ta taɓa dutse.

Ta ce, "Des, na ce maka ka ciyar da shi?"

"Ba sai kin ce ba. Ina da ido."

"Ido gare ka, kunne ne babu. A nan na tsaya, nan inda tebur ɗin nan yake, na ce muku ba ya son ƙasa, na ce muku goɗiyar nan ce take raya shi. Kuna ta ɗaukar hoto. Shekara nawa yana nan ba wanda ya kula da shi, bai mutu ba. Wata huɗu kacal da kuka san shi kun binne shi da rai, har da benci na zaman makoki. Ku yanka ƙyallenku da kanku."

Ta ajiye almakashin a kan kek ɗin. Ba ta yarda ta shiga motar Des ba, da sandarta ta gangara gida, tafiyar minti goma ta yi ta a arba'in.

Garin kuwa sai ya juya mata baya. A kantin burodi ana cewa ba ta da godiya, bawan Allah ya ba da takin shekara uku, abin da ko ɗansa ba zai bai wa ba, an tsinka shi a gaban jama'a. Wai maganin asibiti ne bai sake ta ba. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko abin da ta faɗa gaskiya ne. Haka muke a Coldrigg, in an yi maka abu da kyakkyawar niyya to ko gidanka aka ƙona sai ka ce na gode.

A taron Nuwamba ta nemi a cire shingen, ko ba komai goɗiyar ta shiga ta tattake wurin, ta cinye abin da zai tsiro. Misis Aske ta buɗe kundin dokokin kwamiti ta karanta, da muryar nan tata ta mai ba da haƙuri, cewa ƙudurin da aka zartar ba a warware shi sai bayan wata shida. An zartar da na shinge a Satumba, lokacin Norma tana gadon asibiti, don haka sai Maris. Norma ta ce Maris ai lokacin kiwon ya wuce. Misis Aske ta ce ta fahimta ƙwarai, amma doka doka ce. Des yana kan kujerar shugaba yana kallon hannuwansa. Da Maris ɗin ya zo kuma aka ce a bari alƙalan gasa su zo a Yuli tukuna, shingen ya yi wa wurin kyau.

Kwana biyu bayan taron Nuwamban ta ji an jefo abu ta kafar wasiƙu ta ƙofarta. Makullin kwaɗon ne a cikin ambulan, babu ko kalma ɗaya. Ta san rubutun da babu shi ɗin na Des ne. Ba ta gode ba. Ta ɗauki ƙaramin shebur na murhu da bokiti, duk safiyar da ƙasa ba ta daskare ba tana can tana kankare takin, bokiti uku ko huɗu, iya abin da sabon kwatangwalonta zai ɗauka, tana juye shi a rami a ƙasan titi. Baro arba'in da bokitin tsohuwa, kowa ya san ihu ne bayan hari, ita ma ta sani. Tana kankarewa tana zagin Des, tana zagin kwamiti da kundinsu, amma wadda ta fi sha zagi ita ce Norma Pallister. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wa ya aike ta ta taso mutum tara daga barci? Baki shi ke yanka wuya, ta sha faɗa wa wasu, ga shi nata bakin ya yanka abin da ta fi so. Duk tsawon watannin nan ba ta yi wa ƙaninta magana ba, ko ranar Kirsimeti kati kawai ta jefa masa ta ƙofa.

Takin Des bai ba shi kunya ba. Afrilu na kamawa gangaren ya yi kore shar, ciyawa mai ƙaiƙayi da wata mai faffaɗan ganye da dogayen ciyayin makiyaya suka taso har gwiwa, zuwa Yuni sun kai ƙugu. 'Yan kwamiti da suka wuce a mota suka ce wurin ya farfaɗo. Norma ta shiga da jan littafinta da gilashinta, tana buɗa ciyawa da sanda, ƙaiƙayi yana cin hannunta. Tushe talatin da takwas ta samu, duk a inda ta kankare, can gefen sama inda ya fi tsayi. Daga ɗari huɗu da goma sha biyu.

Da ƙyar ta haɗiye wannan, sai ta fara duba cikin furannin. Na farko mai dogon tsinke ne. Na biyu haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi washegari ko ta yi kuskure. Duk talatin da takwas ɗin masu dogo ne, babu mai gajere ko ɗaya. Ma'anarsa a fili take: za su yi ta fure duk safiyar Yuni, ƙudan zuma su yi ta zirga-zirgar banza a tsakaninsu, ba ƙwayar iri ɗaya da za ta faɗi ƙasa, har tsufa ya ɗauke su ɗaya-ɗaya. Ta zauna a kan bencin da ta rantse ba za ta taɓa zama a kai ba.

A safiya ta huɗu da wannan nema ta lura da wata hula tana motsi a can sama, bayan shingen, a bakin ramin mahaƙar. Des ne, ƙarfe shida da rabi na safe, yana rarrafe a kan tsakuwa da gilashin da Maxine take karanta takardar magani da shi. Wilf ne ya gaya masa abin da take nema. Ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ya zo washegari, ya zo jibi, ba ya gaishe ta, ba ta gaishe shi. A safiya ta tara ta ji muryarsa, ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri.

"Normarmu. Zo ki duba wannan. Ban taɓa shi ba, wallahi ban taɓa ba."

Ta zagaya ta ƙofa ta hau da ƙyar. Wurin tarin ɓaraguzan dutse ne da baro bai iya kaiwa ba, kuma da yake an hana goɗiyar shiga ciki, a nan Wilf ya ɗaure ta duk lokacin sanyi, ta aske shi ƙwal. A tsakanin duwatsu biyu ga tushe ɗaya, kara uku, fure biyar a buɗe. Norma ta dafa kafaɗar Des ta sunkuya, karo na farko da ta taɓa shi cikin wata takwas. Ta duba na farko, ta duba na biyu. Tsinken gajere ne, ya maƙale can ƙasa, garin furen yana sama da shi.

Ba ta ce masa ya kyauta ba. Ta dubi sama. Safiyar da sanyi, iska daga teku, ba ƙudan zuma ko ɗaya, kuma daga sha biyu furanni biyar ɗin nan za su fara zubewa. Ta ciro ɗan burushin fenti na jikarta da ta yi kwana tara tana yawo da shi a aljihu, ta miƙa masa. Ta ce ya shafa a nan a hankali, ya sauka ya shafa wa na ƙasa, ya dawo, tushe talatin da takwas, ita ƙafarta ba za ta iya hawa da sauka ba. Des mai shekara sittin da biyar, da gwiwoyin da ramin kwal ya gama da su, ya yi ta hawa da sauka cikin ƙaiƙayi har rana ta ɗaga, ita tana daga sama tana yi masa tsawa in ya danna da ƙarfi.

Da ya gama ya zauna kusa da tushen yana haki. Ya daɗe yana kallonsa. Ta ga yatsunsa suna motsi, ta san me ke zuwa.

"Ko ɗan ruwa ne, Norma. Wurin ya bushe da yawa."

Ta dube shi kawai. Ya sa hannuwansa biyu cikin aljihu ya bar su a can.

Can kuma ya ce Misis Aske za ta yi murna in ta ji, ƙila a yi masa ɗan keji na waya da allo, alƙalai ma su gani. Norma ta ce, "Des, shekara talatin da huɗu ina riƙe da wasiƙun garin nan, na san wa ke rubuta wa wa, ban taɓa buɗe baki ba. Sau ɗaya na buɗe, ga abin da ya jawo. Kai kuma ko kazarka ce ta yi ƙwai sai kulob ya ji kafin azahar. In kana son ka ba shi wani abu, ka ba shi wannan." Ta nuna bakinsa da kan sandarta. Ya ci gaba da zuwa da burushin duk safiya, kuma a kulob ba wanda ya ji komai, har abokansa suka fara tambayar Maxine ko ba shi da lafiya.

Laraba ta farko a Yuli, mako ɗaya kafin zuwan alƙalai, kwamiti ya yi zagayensa bayan shayin la'asar kamar yadda aka saba. Biyar da rabi suka isa gangaren. Suka leƙa ta kan shinge, ciyawa mai ƙaiƙayi ta kai kafaɗa, ta fara cinye bencin, babu shuɗi ko na magani. Suka koma ɗakin taro jikinsu a sanyaye. Misis Aske ta ce abin takaici ne bayan duk wahalar da aka sha, ta juya ga shugaba ta ce an ce ana ganinsa a wurin da safe kwanan nan, ko akwai abin da ya rage da za a nuna wa alƙalai?

Des ya yi gyaran murya. Kunnuwansa sun yi ja, shi da bai iya ƙarya ba ko a kan nauyin lik. Ya ce, "Babu komai a wurin nan, ciyawa ce kawai." Ya kawo ƙuduri cewa a cire shingen, a kai bencin tashar bas inda ake bukatarsa, a bar wa goɗiyar Wilf wurin, a kuma cire shi daga hanyar da alƙalai za su bi.

Duk ido ya koma kan Norma, ana jiran aradu. Misis Aske har ta ɗan ja kujerarta baya kafin ta tambaya ko akwai mai mara wa ƙudurin baya.

Norma ta ɗaga hannu. Tun suna yara ba a taɓa ganin ta goyi bayan Des a kan komai ba, Misis Aske sai da ta sake tambaya don ta tabbata kafin ta rubuta. Des ya miƙe zai ƙirga hannuwa, sai wani ɗan ganyen fure shuɗi, ya fara yaushi, ya faɗo daga naɗin ƙafar wandonsa ya sauka a kan daɓen katako, a tsakiyar ɗaki. Norma ta miƙa ƙafarta mai sabon kwatangwalo, wadda likita ya ce kada ta riƙa miƙa ta haka, ta ɗora takalminta a kai, ba ta ɗauke ba har aka tashi taro.